Tarihin Kan Narkarwa na Firintar 3D da Al'adar Sauya Shi

Firintar 3D, wato injin da yake gina abu mai tsawo da faɗi da kauri maimakon ya buga rubutu a kan takarda, tana da nau'o'i da dama, amma wadda ta shiga gidaje da makarantu da ƙananan shaguna ita ce mai aiki da zaren roba, wanda ake sayarwa a naɗe a jikin kwarkwaro kamar wayar lantarki. Injin yana jan zaren, ya narkar da shi, ya matso shi ta wata 'yar kafa, ya riƙa shimfiɗa shi sahu bisa sahu har siffar ta tashi, kusan yadda mai zanen lalle take matso lalle ta bakin leda, sai dai shi zanen injin yana hawa kan ɗan'uwansa ne ya daskare nan take. Ɓangaren da narkewar take faruwa a cikinsa, wanda za a kira kan narkarwa a wannan rubutu, bai wuce tsawon yatsa ba, kuma duk da ƙanƙantarsa babu wani ɓangare na injin da masu shi suka fi kwancewa, suka fi sauyawa, suka fi yin gardama a kansa. Wannan ɗabi'a ta sayen inji yau a cire masa kai gobe a sa masa wani tana da asali, kuma asalin nata yana haɗe da dokar mallakar fasaha, da talaucin waɗanda suka fara gina injinan a gida, da kuma halin ita robar kanta.

Kan narkarwa na zamani yana da sassa huɗu waɗanda suke jere daga sama zuwa ƙasa. A sama akwai ɗan lagireto na alminiyam mai fikafikai, wanda fanka take hura masa iska domin zaren ya ci gaba da zama da taurinsa. A ƙarƙashinsa akwai maƙogwaro, wato siririn bututu da aka ƙera domin ya hana zafi hawa sama. Sai tubalin zafi, wani ɗan curin ƙarfe da aka huda aka cusa masa hita da ma'aunin zafi. Daga ƙarshe kuma sai nozul, wanda galibi na tagulla ne, mai kafar da faɗinta ya kai milimita 0.4. Wahalar aikin tana cikin cewa zaren da bai narke ba shi ne fistin da yake tura wanda ya narke, don haka dole ne ya kasance da ƙarfinsa har zuwa bakin wurin narkewa. Roba kuwa ba ta narkewa farat ɗaya kamar ƙanƙara. Robar PLA, wadda ake yi daga sitacin masara ko rake, tana fara laushi tun daga wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, amma ba ta gudana yadda ake so sai ta kai tsakanin digiri 190 da 220, kuma a tsakanin waɗannan matakai biyu takan zama kamar cingam, ta kumbura ta manne a jikin bututu ta ƙi gaba ta ƙi baya. Duk ƙere-ƙeren da aka yi a wannan fanni cikin shekaru talatin da suka wuce ƙoƙari ne na gajarta wannan tazara mai danƙo zuwa 'yan milimita kaɗan.

Wanda ya ƙirƙiro wannan hanya ta bugu shi ne Scott Crump, wani injiniya ɗan Amurka, wanda a shekarar 1988 ya gwada cika bindigar gam da haɗin roba da kakin kyandir domin ya ƙera wa 'yarsa kwaɗon wasa, daga nan ya ga cewa idan inji ne yake riƙe da bindigar yana yawo da ita bisa umarnin kwamfuta, za a iya gina kowace siffa. A shekarar 1989 ya nemi takardar mallakar fasahar, shi da matarsa Lisa suka kafa kamfanin Stratasys a jihar Minesota, aka ba shi takardar a 1992, kuma kamfanin ya yi wa hanyar rajista da sunan FDM. Injinan Stratasys na kamfanoni ne da manyan ɗakunan bincike, kuɗinsu ya kai dubban daloli masu yawa, an rufe su ruf, kuma idan kan narkarwarsu ya toshe ma'aikacin kamfani ake kira ko a sayi sabon baki daga wurin kamfanin. A wannan zamani babu wata al'ada ta sauya kai da na wani maƙeri, domin kuwa doka ba ta bar wani maƙeri ya shigo kasuwar ba.

Abin da ya sauya lamarin ya fito ne daga Jami'ar Bath ta Ingila, inda Adrian Bowyer, malamin injiniyanci, ya fara wani shiri mai suna RepRap a shekarar 2005, da burin a samar da injin da zai iya buga yawancin sassan jikinsa, ta yadda mai inji ɗaya zai buga wa maƙwabcinsa kayan haɗa nasa. Bowyer ya saki zane-zanen kyauta ga duk mai so, kuma saboda sunan FDM mallakar Stratasys ne, mutanen RepRap suka laƙaba wa hanyar nasu sunan, FFF. Injin farko, Darwin, ya fito a 2007, kuma a watan Mayun 2008 wani Darwin ya buga sassan da aka haɗa ɗansa da su. Sai dai akwai ɓangaren da inji mai buga roba ba zai taɓa iya bugawa ba, wato wanda yake narkar da robar, don haka kowane magini sai ya ƙera nasa da hannu daga abin da ke kasuwar unguwarsu. Ana samun sandar tagulla mai tiredin M6, wato kusa mai kaurin milimita shida, a huda ta a tsawonta, a naɗa mata wayar nikurom, irin wadda take yin ja a cikin hitar dafa ruwa, a shafe wayar da simintin da yake jure wuta ko a naɗe ta da wani tef mai ruwan zuma da ake kira Kapton, sannan a manna mata ma'aunin zafi wanda bai fi ƙwayar gero ba. Zaren kuwa mai kaurin milimita uku ne, domin shi ne kaurin sandar waldar roba da ake samu a shaguna. Tiredin M6 da aka zaɓa a lokacin don kawai shi ne a kusa, shi ne har yau a jikin yawancin nozul na duniya.

Domin a raba wannan sanda mai zafi da sauran jikin injin, wanda shi ma na roba ne, maginan farko sun dogara da PTFE, wata farar roba da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a shekarar 1938, wadda aka fi sani da sunan Teflon, ita ce kuma ake shafa wa kaskon suya domin kada abinci ya kama. PTFE tana da halaye biyu da suka dace da aikin, domin ba ta ɗaukar zafi, kuma tana da santsin da narkakkiyar roba ba ta manne mata. Aibinta shi ne idan ta ji zafi takan yi laushi ta saki, don haka ba abin mamaki ba ne mutum yana tsakiyar bugu ya ga matsin zaren ya tunkuɗo sandar tagullar daga cikin tiredinta, ta faɗo a kan aikin da narkakkiyar roba tana dalala. Bayan haka, idan zafi ya haura wajen digiri 250, PTFE tana fara lalacewa tana fitar da hayaƙi mai cutarwa, wanda aka san yana kashe tsuntsayen da ake kiwo a keji. Wannan iyaka ta digiri 250 ita ce katangar da ta tsare injinan gida shekaru da dama galibi a kan robobi biyu, wato ABS, wadda ake yin tubalan wasa na Lego da ita, da PLA, wadda Vik Olliver na ƙasar Niyu Zilan yake cikin waɗanda suka fara gwada ta a injinan RepRap.

A shekarar 2009 wa'adin takardar Crump ya ƙare, kuma a farkon wannan shekarar ne Bre Pettis da Adam Mayer da Zach Smith suka kafa MakerBot a unguwar Buruklin ta birnin Niyu Yok, suka fara sayar da wani inji mai jikin katako da suka kira Cupcake, wanda mai saye yake haɗawa da kansa. MakerBot ya riƙa sa wa kawunan injinansa lamba, kowane sabo yana gyara kuskuren na baya, kuma masu tsofaffin injinan sukan sayi sabon kai su ɗaura. Daga nan ne sauya kai ya fara zama ciniki mai zaman kansa. Kan MK7 na shekarar 2011 ya koma amfani da zare mai kaurin milimita 1.75, wanda faɗin fuskarsa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na mai milimita uku, saboda haka ƙarfin da ake bukata wajen tura shi ya ragu sosai, zafi kuma yana saurin ratsa shi har tsakiya. MK8 ya biyo baya tare da injin Replicator a 2012, kuma ko da yake MakerBot ya daina sakin zane-zanensa a wannan shekara, Stratasys kuma ya saye shi a 2013, sunan MK8 ya kuɓuce masa, masana'antun ƙasar Sin suka ɗauka suna maƙala wa duk wani nozul mai wannan siffa har zuwa yau.

A ɓangaren maginan gida kuwa, kan da ya yi tashe tsakanin 2011 da 2013 shi ne J-Head na Brian Reifsnyder, wani maƙeri Ba'amurke, wanda ya raba aikin gida biyu: ya yi gangar jikin da PEEK, wata roba mai tauri da tsada da take riƙe tiredi ko da ta yi zafi, sannan ya zura siririn bututun PTFE a cikinta domin santsi kawai. Ya kuma yi watsi da naɗin wayar nikurom, ya koma cusa hita a cikin rami, abin da ya sauƙaƙa haɗawa ƙwarai. J-Head bai karya katangar zafi ba, domin ita ma PEEK tana laushi kafin digiri 250, amma ya yaɗa wani abu da ya fi shi daɗewa, wato siffar wuyan da ake riƙe kan da ita, zagaye mai faɗin milimita 16 da aka yi masa tsagar da ta rage faɗin zuwa milimita 12, wadda aka fi dangantawa da kamfanin MakerGear na jihar Ohayo. Babu wata hukuma da ta zauna ta tsara wannan ma'auni. Wani ya yi, wani ya kwaikwaya domin kansa ya shiga injin mutane, har ya zama doka. Da wuya iri ɗaya da tiredi iri ɗaya, kan da aka ƙera a Amurka zai hau injin da aka haɗa a birnin Firag, inda Josef Prusa yake sauƙaƙa zanen RepRap tun daga 2010.

Hanyar tsallake katangar ita ce a fitar da roba gaba ɗaya daga wurin zafi a yi maƙogwaron da ƙarfe, amma ƙarfe yana ɗaukar zafi, kuma nan ne lissafi ya shigo. Idan aka auna yadda kowane abu yake wuce da zafi, jan ƙarfe yana da kimanin 400, tagulla ta haura 100 kaɗan, ƙarfe marar tsatsa yana wajen 15, haɗin titaniyam yana wajen 7, PTFE kuwa ba ta wuce rubu'in ɗaya ba. Ƙarfe marar tsatsa ya ninka PTFE sau sittin ke nan, amma idan aka feƙe bangon bututun ya zama siriri ƙwarai, hanyar da zafin zai bi ta ƙuntata, kuma idan aka ɗora lagireto da fanka a samansa, ɗan abin da ya tsallake sai iska ta kwashe. Chris Palmer, wani injiniya ɗan Ingila da aka sani da laƙabin nophead a cikin jama'ar RepRap, yana cikin waɗanda suka yi gwaje-gwaje masu tsari a kan haka tun wajen 2009, inda ya nuna cewa gajartar wurin da zare yake sauyawa daga tauri zuwa ruwa ita ce take rage ƙarfin turawa. Saura kawai a sami mai ƙera irin wannan bututu da santsin ciki, da yawa, a farashin da talaka zai iya.

Wannan giɓi shi kamfanin E3D ya cike. Sanjay Mortimer da David Lamb, waɗanda a lokacin malaman koyar da ƙira da fasaha ne a makarantun Ingila, tare da Joshua Rowley, sun fara aikin a shekarar 2012, suka yi wani lokaci suna haɗa kaya a cikin tsohon ɗakin kiwon kaji, kafin kamfanin ya zauna a Chalgrove da ke yankin Okusfod. Bayan samfura biyu da suka sayar a 2013, sai suka fitar da V6 a 2014, mai lagireton alminiyam da fanka mai faɗin milimita 30, da maƙogwaron ƙarfe marar tsatsa, da nozul mai tiredin M6, da wuya irin na J-Head, wanda ke nufin duk mai J-Head zai iya zare nasa ya sa wannan ba tare da ya sake gina injinsa ba. V6 yana kaiwa digiri 285 da ma'aunin zafin da yake zuwa da shi, ya kuma haura haka nesa idan aka sauya ma'aunin, saboda haka nailan da folikabonet, robobin da ake yin kayan aiki na gaske da su, suka shigo hannun masu injin gida. E3D ya wallafa zanen V6 a fili, masana'antun Sin suka kwaikwaye shi suna sayarwa a kan 'yan daloli, wasu masu kyau wasu kuwa cikin maƙogwaronsu kaushi kamar bakin zarto, kuma a 2016 Prusa ya sa V6 na asali a injinsa i3 MK2, abin da ya tabbatar da shi a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Al'adar ta bar hannun ƙwararru ta koma hannun gama-gari a shekarar 2018, lokacin da kamfanin Creality na birnin Shenzhen ya fitar da Ender-3 a kan kimanin dala 200. Domin a rage kuɗi, kan da yake zuwa da injin tsohon tsari ne, wanda bututun PTFE yake bi ta cikinsa tun daga wurin da ake tura zare har ya dafa bayan nozul. Wannan dogon bututu ana kiransa Bowden, sunan da aka aro daga wayar birkin keke, wadda ita ma take tafiya a cikin kube. Tsarin yana aiki lafiya lau matuƙar bakin bututun ya zauna daram a kan nozul, amma kaiwa da komowar zare takan sassauta abin da yake riƙe bututun, ya ja baya da ɗan abin da bai kai milimita ba, narkakkiyar roba ta cika giɓin ta ƙone ta zama baƙin tsaki, zare ya fara fita a tsinke, giyar da take tura shi ta riƙa ƙas-ƙas tana cin jikinsa. Dubban mutanen da ba su taɓa riƙe sifana ba suka koyi wannan ƙara, suka kuma koyi maganinta daga 'yan'uwansu masu injin. Kamfanin Micro Swiss na Minesota ya yi kasuwa da wani kai na ƙarfe zalla da yake hawa kan ramukan kusoshi biyu na Ender-3 ba tare da wani gyara ba, har ya zamana sayen injin da sayen sabon kan kusan tare ake yin su.

Ɗaura sabon kai yana da ƙa'idoji waɗanda ba a makaranta aka koye su ba, asara ce ta koyar da su. Na farko shi ne duba ƙarfin wutar injin, domin wasu suna aiki da bolt 12 wasu da 24, kuma hitar da aka yi domin ta ba da wat 40 a kan bolt 12, idan aka jona ta a 24, wat 160 za ta ba da, wanda ya isa ya narkar da tubalin alminiyam. Na biyu, wanda ya fi kayar da sababbin shiga, shi ne yadda nozul yake haɗuwa da maƙogwaro a cikin tubalin zafi. Su biyun suna shiga rami ɗaya ne, ɗaya daga ƙasa ɗaya daga sama, kuma dole ne bakunansu su haɗu su matse juna, don haka ana murɗa nozul har ƙarshe, a mayar da shi baya kamar rubu'in zagaye, a murɗo maƙogwaro daga sama har ya taɓa shi, ta yadda za a ga 'yar tazara ta rage tsakanin kafaɗar nozul da tubalin. Idan kafaɗar ta manne da tubalin, to nozul bai matse maƙogwaro ba ke nan, kuma roba za ta bi tiredi ta yi yoyo, wata rana mai injin ya wayi gari ya tarar da kan duka a cikin dunƙulen roba kamar curin fura, wayoyi da komai. Ƙarshen ɗaurin kuma da zafi ake yin sa: ana kunna hita har digiri 285 a tsarin V6, a riƙe tubalin da sifana ɗaya, a ƙara matse nozul da wata, saboda alminiyam ya fi tagulla da ƙarfe buɗewa idan ya ji wuta, abin da aka ɗaure da sanyi zai saki da zafi. Wanda ya manta bai riƙe tubalin ba yakan murɗe maƙogwaron ya karye, domin siririn bangon da yake tare zafi ba shi da ƙarfin jure murɗa.

Bayan aikin sifana sai aikin manhajar da ke cikin injin, wadda a yawancin injinan wancan zamani Marlin ce, wadda Erik van der Zalm ya fara a shekarar 2011. Ma'aunin zafin ba digiri yake faɗa ba. Juriyarsa ga lantarki ce take sauyawa da zafi, manhajar ta duba wani jadawali ta fassara, kuma kowane irin ma'auni da jadawalinsa, inda na V6 yake lamba 5, na Ender-3 kuma lamba 1, ta yadda idan aka bar tsohuwar lambar allon injin zai nuna zafin da ba shi ne na gaskiya ba. Daga nan sai a ba injin umarnin M303, wanda yake sa shi ya ɗumama kan ya bar shi ya huce sau da dama domin ya koyi saurin ɗaukar zafin sabon tubalin, sannan a sake daidaita tazarar nozul da farantin da ake bugu a kansa, galibi da fallen takarda da ake zurawa a tsakaninsu har a ji ta ɗan kama. Akwai kuma kariyar da take kashe hita idan manhaja ta ga ana ba da wuta amma zafi bai tashi ba, alamar ma'aunin ya zame daga raminsa; wasu injinan masu araha sun fito kasuwa ba a kunna musu ita ba, kuma an sami gobara a dalilin haka, shi ya sa masu sanin ya kamata suke gwada ta duk lokacin da suka taɓa kan.

Ko da yake ana kiran wannan sauyi haɓakawa, gaskiyar magana ita ce ga mutane da yawa musayar matsala ce da matsala. PLA, wadda ita ce mafi yawan abin da ake bugawa, tana manne wa ƙarfe fiye da yadda take manne wa PTFE, kuma duk lokacin da injin ya ja zare baya domin kada ya ɗiga a kan hanya, yana jawo laushin bakinsa zuwa cikin wurin sanyi ne, inda zai iya daskarewa ya toshe. Don haka mai sabon kai sai ya rage tsawon wannan ja da baya zuwa kusan rabin milimita biyar ko shida da ya saba, in ba haka ba ya sayi toshewa da kuɗinsa. Lagireton kuma da iskar ɗaki yake aiki, saboda haka a wurin da zafin rana yake haura digiri 40, kamar Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, tazarar da ta rage kafin PLA ta fara laushi ba ta fi digiri ashirin ba, kuma kan da bai taɓa toshewa a Ingila ba yana iya toshewa a can. Shi kansa E3D ya fitar da Lite6 a 2015, wanda ya mayar da bututun PTFE har ƙasa, domin masu buga PLA kawai.

Da aka gama da zafi sai gasar ta koma kan tauri da sauri. Zaren da aka haɗa da garin kabon ko gilashi yana cinye tagulla, kafar milimita 0.4 ta buɗe tun ba a gama kwarkwaro ɗaya ba, don haka aka shigo da nozul na ƙarfe mai tauri, sannan a 2016 Anders Olsson, injiniyan bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin, wanda yake buga roba mai haɗe da boron kabaid domin gwaje-gwajen nukiliya, ya fitar da nozul mai ƙwayar yakutu a bakinsa. Sauri kuwa lissafinsa a fili yake: layi mai faɗin milimita 0.45 da kaurin 0.2, idan ana gudu milimita 60 a daƙiƙa ɗaya, yana bukatar robar da ba ta kai kubik milimita shida ba, amma a gudun milimita 300 yana bukatar 27, alhali V6 ba ya narkar da fiye da kimanin 15. E3D ya amsa da Volcano tun a ƙarshen 2014, inda ya tsayar da hitar a tsaye ya tsawaita wurin narkewa, Bondtech na Suwidin kuma ya fitar da nozul CHT a 2021, wanda yake tsaga zaren gida uku a cikinsa domin zafi ya same shi ta ciki da waje.

A cikin waɗannan shekaru ne takardun mallakar fasaha suka dawo fagen da ƙarewarsu ta haifar. Slice Engineering na jihar Fulorida ya fitar da Mosquito a 2018, wanda ya ɗauke nauyin tubalin daga kan maƙogwaro ya ɗora a kan wasu siraran sanduna, ta yadda ana iya kwance nozul da hannu ɗaya, ya kuma kare ƙirar da doka, abin da ya jawo masa suka daga jama'ar da suka saba da kwaikwayo. E3D, wanda buɗaɗɗen zane ne ya ɗaukaka shi, shi ma ya bi sahu da Revo da ya sanar a 2021, 'yan watanni kafin rasuwar Sanjay Mortimer a watan Nuwamba na wannan shekara yana da shekaru 32. A Revo nozul da maƙogwaro abu guda ne da aka haɗa tun daga masana'anta, ana murɗa shi da yatsu cikin sanyi, babu ɗaurin zafi babu yoyo, amma kuma babu mai ƙera irinsa sai da izini. A 2022 Bambu Lab, wanda tsofaffin injiniyoyin kamfanin jirage marasa matuƙi na DJI suka kafa a Shenzhen, ya fitar da X1, mai kan da aka haɗe lagireto da maƙogwaro da nozul wuri guda, wanda idan ya lalace ake cire shi ɗungurungum a sa wani, kuma a jerin A1 da ya fara fitowa a 2023 ko sukurudireba ba a bukata, maɓalli ɗaya ake buɗewa. Mai sayen irin waɗannan injinan yana iya shekara yana bugu bai san mene ne ɗaurin zafi ba, kuma ba za a ce ya yi asara ba, sai dai zaɓin abin da zai ɗaura ya koma hannun kamfani, kamar yadda yake a zamanin Stratasys. Tsohon tsarin bai mutu ba, domin masu gina injinan Voron da hannunsu da masu tsofaffin Ender-3 suna nan suna kwancewa suna ɗaurawa, kuma nozul na tagulla mai tiredin M6, wanda ake samu a ƙasa da dala ɗaya daga masana'antun Sin, har yau yana shiga tubalin V6 da aka ƙera a 2014 ba tare da wani gyara ba.